Katin wuta baya kai mu ƙarshen wata, ga gas ga fetur, ku ya kuke yi ne?

Maman_Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema. Tun da aka saka mana mita mai kati abin ya zame mana damuwa, katin da maigida yake sakawa da niyyar ya kai mu ƙarshen wata ko tsakiya baya kaiwa sai ka ji mita ta fara kuka. Kuma mu ba AC gare mu ba, firiza ɗaya ce, fankoki huɗu, talabijin, dutsen guga, sai hita da nake dafa ruwan wankan yara da ita da safe. Gas ma baya daɗewa, shi kuma Abban Hanif a Zariya yake aiki muna zaune a Kano, kuɗin mai kaɗai ya ishe shi. Masu dabara ku taimaka, me kuke yi a gidajenku da motocinku da ya rage muku kashe kuɗi? Ba maganar sola nake ba don yanzu babu halinta, abin da mutum zai iya farawa yau nake so.

Abu_Safwan:
Wa alaikumus salam. Hajiya ai kin riga kin ambaci mai laifin da bakinki, hita ce. Ki ajiye ta sati guda ki ga bambanci.

MaiWayarin_Fagge:
Abu Safwan ya faɗi gaskiya amma bari in yi bayani yadda kowa zai iya lissafa nasa, don aikina ne kuma kullum sai na yi wa masu gida wannan bayanin. Yunit ɗaya da kike gani a mita shi ne wat 1000 na awa ɗaya. Kowane kayan wuta idan kika juya bayansa ko ƙarƙashinsa akwai 'yar takarda ko rubutu da aka sa wat ɗinsa. Hita irin wadda ake tsomawa a bokiti yawanci 1000 ce zuwa 1500, in 1500 ce to minti 40 kacal ta cinye yunit guda. Dutsen guga wajen 1000 ne ko sama. Fankar sama kuwa wajen 70 ce, sai ta yi awa 14 tana juyawa kafin ta ci abin da hita ta ci a minti 40. To kin ga mutane suna ta faɗa da yara akan fanka alhali abin da ke cin kuɗin yana banɗaki cikin bokiti.
Ƙa'idar da nake ba mutane ita ce duk abin da aikinsa shi ne ya yi zafi ko ya yi sanyi shi ne mai ci. Hita, dutsen guga, hot filet, butar lantarki, AC, firiza. Sauran duk ƙannensu ne.
Sai ƙwan fitila. Idan har yanzu akwai irin tsohon ƙwai mai jan haske a gidanki, mai 60 ko 100, ki cire. Guda 10 masu 60 in suka yi awa 6 a kunne yunit 3.6 kenan a dare ɗaya, sama da 100 a wata. LED mai 9 haskensa ya kai na mai 60 ɗin, guda 10 a awa 6 rabin yunit ne da ɗan wani abu. Ki duba na zaure da na bayan gida da na ƙofar gida da ake bari har gari ya waye, su aka fi mantawa da su.

Maman_Hanif:
Allah ya saka da alheri Malam. Ƙwayayen ɗaki duk farare ne amma na tsakar gida da na ƙofa jajaye ne kam, yau za a canza in sha Allah. Ruwan wankan ne ban san ya zan yi ba, in na ɗora a gas shi ma kuɗi ne.

Ummu_Khairat:
Maman Hanif ki samu baƙar jarka ki cika ta ki ajiye inda rana ke duka tun hantsi, kafin la'asar ruwan ya yi ɗumi sosai, a bazara ma sai kin surka. Ni sai na maida wankan yara na sabulu ya koma yamma, da safe kuma buta ɗaya ta ruwan zafi nake surka musu su watsa su tafi makaranta. Lokacin hunturu ne kawai rana bata wadatarwa. Sannan ruwan shayi ki tafasa sau ɗaya ki juye a fulas babba, ba kowa ya tashi ya kunna wuta ba.

danbirni_kn:
ni fa abinda nake gani duk cajar waya da aka bari a soket ko ba waya a jiki tana shan wuta, a gidanmu na hana kowa

MaiWayarin_Fagge:
Ɗan birni tana sha amma ɗan mitsitsi ne, caja mai kyau da ba waya a jikinta ko rabin wat bata kaiwa, wata guda cur bata ci rabin yunit ba. Cire ta yana da kyau saboda gobara musamman irin masu arhar nan da suke zafi, amma ba ita za ta ceci katinka ba. Gara ka kashe dikoda da talabijin daga bango in za a kwanta, su sun fi ta ci a zaune.

Hajjo_Gombe:
Ba wanda ya yi maganar firiza. Maman Hanif sabuwa ce ko ta hannu? Domin tsofaffin nan da ake kawowa wasunsu injin baya hutawa sam, ka kasa kunne dare da rana yana ta gurnani. Ki gwada robar murfin, ki sa takarda ki rufe a kanta ki ja, in ta zare ba wuya to sanyi yana fita, a canza robar ba tsada. Kar ki manna ta da bango, kar ki ajiye ta kusa da murhu ko inda rana ke shigowa ta taga, kuma kar a sa abinci da zafinsa. In ƙanƙara ta yi kauri a jikin bangon ciki a kashe a narkar da ita. Ni ina sana'ar zoɓo da kunun aya, abin da na lura firiza cikakkiya ta fi riƙe sanyi in an ɗauke wuta, shi yasa ko ba kaya nake cika ta da robobin ruwa.

Baffa_Ringim:
Ku yaran yanzu komai sai firji. Ruwan randa fa? Randar ƙasa a inuwa, a zuba yashi a ƙarƙashinta a riƙa jiƙa shi, sanyinsa baya sa mura kuma ko sisi ba a biya. Har kayan miya ana adanawa da wannan hikimar. Wani malami a jiharmu ta Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa dabarar sa ƙaramar tukunya cikin babba a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, har kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo a 2000 saboda ita. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin tukunyar waje yana bushewa yana tafiya da zafin, sai ciki ya yi sanyi. Tumatir da tattasai da yalo suna yin kwanaki basu lalace ba. A busasshen yanayi irin namu ta fi aiki, da damina ƙarfinta yana raguwa.

Zee_Kaduna:
Baffa Allah ya ƙara girma, gaskiya ne. Kakata har yau bata shan ruwan firji. Amma nama da kifi fa kar wani ya ji ya sa a tukunyar, sanyinta bai kai nan ba.

Baffa_Ringim:
Haka ne 'yata, kayan lambu da ruwa nake nufi. Nama ai soyawa ake ko a shanya.

Sadiq_Hotoro:
Ni ina da ja akan duk maganar nan. Ana ta ce wa talaka ya kashe ƙwai ya daina hita, alhali matsalar farashi ce. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ɗaga yunit na 'yan Band A, wato rukunin da aka ce sun fi samun wuta, daga naira sittin da wani abu zuwa N225 a tashi ɗaya, daga baya aka ɗan rage kaɗan. Wanda ya wayi gari aka ninka masa kuɗi sau uku wane ƙwai zai kashe ya cike wannan giɓin? Maman Hanif ki fara duba rasit ɗinki ki ga a wane band kuke. Band A an ce za su samu wuta awa 20 a rana, B 16, C 12, D 8, E 4. In ana cajinku kuɗin A kuma ba kwa samun awa 20 kuna da haƙƙin kai ƙorafi.

Abu_Safwan:
Sadiq ba wanda ya ce farashi ba matsala bane. Amma kafin a gyara farashin yau da dare me za ta yi? Kuma ai tsadar ce ma ta sa kowane yunit da ka tsira da shi ya zama kuɗi mai kauri.

Sadiq_Hotoro:
Na yarda, ina dai so kar mu maida laifin duka kan matan gida ne. Wani abin kuma a rasit ɗin, ta duba ko ana cire tsohon bashi. Gidaje da yawa da aka sa wa mita akwai bashin tsohon bil a kansu, duk sanda ka sayi kati sai a yanki wani kaso, ga harajin VAT 7.5 cikin ɗari. Sai ka ga kuɗi da yawa yunit kaɗan ka ɗauka kayan gida ne suke sha.

MaiWayarin_Fagge:
Wannan batu na Sadiq mai muhimmanci ne. Ƙari akai, a gwada wayarin ɗin gidan. Ku kashe komai ku zare komai daga soket, firiza ma, sannan ku tsaya gaban mita ku kalli jar fitilar nan mai ƙiftawa. In komai a kashe yake bai kamata ta ci gaba da ƙiftawa ba. In tana yi to ko wuta tana zurarewa ta wata waya da ta goge a bango, ko kuma akwai layin da ya fita zuwa shago ko ɗakin wani da aka haɗa tun zamanin da ba mita aka manta. Na sha tarar da wannan a gidajen haya. A kira mai gyara ya duba, kar maigida ya ce zai taɓa da kansa.

talaka_bawan_Allah:
mu da bamu da mita fa? ko ka kashe komai ko ka tafi kauye wata guda bil daya zasu kawo maka. to akan me zan takura kaina

Malama_Rabi:
Ɗan uwa zafin da kake ji gaskiya ne, bil ɗin ƙiyasi yana kashe wa mutum gwiwar tattali. Amma taransifomar unguwa ɗaya ce, in kowa ya ce bari in bar komai a kunne tunda ba mita ita ce take ƙonewa a dawo ana karo-karo ana zaman duhu. Kuma mu Musulmi an hane mu da almubazzaranci ko da abin kyauta ne. Ka dage da neman mitar, ita ce mafita.

Ummu_Khairat:
Bari in dawo kan gas tunda ta tambaya. Abin da ya fi cin gas a gidan Bahaushe wake ne da nama mai tauri irin ganda da ƙafar saniya. Wake ki jiƙa shi tun dare, da safe ki zubar da ruwan ki ɗora, lokacin dahuwarsa yana raguwa sosai, ga 'yar kanwa in kina sawa. Ki yanka komai ki jajjaga ki ajiye kusa kafin ki kunna wuta, ba a kunna sannan a tafi neman ashana da albasa ba. Murfi kuma dole, tukunya a buɗe asara ce. In abu ya tafasa ki rage wutar, ruwa in ya tafasa ya tafasa, ƙara wuta baya sa ya fi haka zafi sai dai ya ƙone da wuri. Ki duba harshen wutar ma, shuɗi ake so, in ya koma ja yana baƙanta gindin tukunya to kan murhun ya toshe, a cire a wanke a tsokace ramukan.

Anty_Balki:
Ummu Khairat kin gama magana. Ni abin da zan ƙara shi ne dahuwar bargo, wajen surukata na gani. Shinkafa in ta tafasa ta yi kamar minti biyar ruwan ya fara tsotsewa sai ki sauke da murfinta a rufe ruf, ki naɗe tukunyar da tsohon bargo ki tura cikin kwando ko babbar kula ki rufe. Ki tafi ki yi sallah ki yi shara, kafin ki dawo ta nuna lugub kuma bata kamawa a gindi. Wake ma yana yi amma shi sai ya tafasa sosai ya daɗe a wuta tukuna. Kar dai a bar abinci ya wuni a ciki har ya huce, lalacewa yake.

Zee_Kaduna:
Anty wallahi ban taɓa ji ba. Bargon baya ƙonewa?

Anty_Balki:
A'a ƙanwata, in a gas kika dafa ba abin da zai same shi, ki dai fara shimfiɗa tsumman auduga ko kwali a ƙasa, kar ki sa mai santsin nan irin na leda. In daga gawayi kika sauke ki duba gindin kar garwashi ya maƙale.

Hajjo_Gombe:
Tukunyar presha ma a dage a saya ko da adashi ne. Ganda da ke cin awanni a cikinta ƙasa da awa ta yi laushi. Sharaɗi kawai kar a cika ta maƙil kuma kar a buɗe sai iskar ta gama fita.

Dan_Maradi227:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya, ina biye da ku daga Maraɗi. Mu nan mun ga abin da ya fi tsada, wato rashin wutar gaba ɗaya. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 Najeriya ta yanke layin da ke kawo muna wuta, alhali mafi yawan wutar Nijar daga can take zuwa, sai a Maris 2024 anka maido. Lokacin ne mutane sunka koyi kwana a tsakar gida cikin gidan sauro kamar da, da yayyafa ruwa a ƙasa da marece, da rufe tagogin da rana ke bugu tun da safe a buɗe su in dare ya yi. Ɗakin da anka rufe tagarsa da labule mai kauri da rana ya fi wanda anka bari buɗe sanyi, mutane da yawa suna yin akasin haka. Gas kuwa muna samu daga matatar SORAZ ta Damagaram, ya rage ma mata wahalar itace a birni, amma ƙauye har yanzu itace da kara ne.

Baffa_Ringim:
Ɗan Maraɗi ka tuna min ginin ƙasa. Soro mai azara da kaurin bango da rana sanyi da dare ɗumi. Yanzu an koma bulo da kwano ba silin, ɗaki ya zama tanda, sai a ce dole sai AC. Wanda zai yi gini ya ɗaga rufi sama, ya sa silin, ya yi tagogi biyu masu kallon juna, ya dasa darbejiya ta yamma da ɗakin. Wanda ya riga ya gina ko farin fenti ya shafa wa kwanon zai ji sauƙi.

Kanuri_boy:
Mu a Maiduguri tun da aka lalata turakun wuta a farkon 2021 muka dade a duhu, shi ya sa sola ta cika gari. Na san tace ba sola take tambaya ba amma ba sai babba ba, karamin fanel daya da fanka mai caji da fitila biyu ya isa ya hana ka tada janareta da dare. Masu shi kuma ku rika goge kurar fanel da hunturu, kura tana rage karfinsa sosai

Injiniya_Musty:
Tunda an ambaci janareta, dan girman Allah kar neman tsimi ko tsoron ɓarayi ya sa wani ya shigar da shi cikin ɗaki ko baranda a rufe. Iskar da ke kisa a hayaƙinsa bata da wari bata da launi, barci kawai mutum zai ji. Haka gawayi a ɗaki a rufe lokacin sanyi. A waje, nesa da taga.

Direban_Zariya:
To ni bari in taɓa ɓangaren Alhaji Abban Hanif mai zuwa Zariya, hanyata ce kullum. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023 duk direban da bai canza tuƙi ba ya bar sana'ar ko yana bin bashi. Na farko gudu. Mota a 120 da mota a 90 ba mai ɗaya suke sha ba ko kusa, saboda iskar da take turewa ƙaruwa take ninki ba ninki in gudu ya ƙaru. Kano zuwa Zariya in ka sauko daga 120 zuwa 90 abin da za ka ƙara a hanya bai kai rabin awa ba. Dama dokar hukumar kiyaye haɗura 100 ce ga ƙananan motocin gida a babbar hanya, mu na haya 90.
Na biyu iskar taya, ya riƙa tsayawa wajen mai faci yana aunawa da safe kafin taya ta yi zafi, adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, ba wai mai faci ya buga da ƙafa ya ce ta yi ba. Taya mai ƙarancin iska tana jan mota baya tana cin mai kuma tana saurin cinyewa.
Na uku ƙafa. Wasu suna taka totur kamar ana korarsu sai sun zo kan mota su danna birki. Duk birkin da ka taka da ƙarfi man da ka ƙona ne ka zubar. Ka hango gaba, in ka ga shingen jami'ai ko cunkoso a Kwanar Dangora ka ɗaga ƙafa tun daga nesa. Sai juyen baƙin mai akan lokaci, filtar iska a kakkaɓe ta musamman da hunturu, fulogi in ya mutu a canza. But ɗin mota kuma ba sito bane, a sauke tarkace.

sani_gwale:
oga direba ka manta babbar dabara, a gangara ka sa firi ko ka kashe mota gaba daya ta gangara da kanta

Direban_Zariya:
Sani kar ka kuma faɗa wa kowa wannan, ran mutane ne. In ka kashe inji birki yana tauri bayan taku ɗaya ko biyu, sitiyari ma ya yi nauyi, wata motar har ya kulle. Na ga abin da hakan ya jawo a hanya da idona.

Injiniya_Musty:
Kuma ko ta fuskar man ma ba riba. Motocin da suke da injekta in kana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur a gangara kwamfutar motar tana yanke man ne, tayoyi ke juya injin. In ka sa firi kuwa dole ta ci gaba da ba shi mai don kar ya mutu. Inda kashe mota ke da amfani shi ne a tsaye, layin gidan mai ko jiran wani a ƙofar gida. Dumama mota minti goma da safe shi ma al'adar zamanin kafireto ce, motar yanzu ka tayar ka ɗan jira kaɗan ka tafi a hankali.

Sadiq_Hotoro:
AC fa a mota? Wasu sun ce buɗe gilashi ya fi shan mai.

Injiniya_Musty:
A cikin gari da tafiya a hankali buɗe gilashi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. A babbar hanya da gudu bambancin yana raguwa don iskar da ke shigowa tana riƙe motar. Abin da zai taimaka shi ne ajiye mota a inuwa, in ta sha rana a buɗe ƙofofi zafin ya fita kafin a kunna AC.

Direban_Zariya:
Ni dai a motata in na kunna AC ina ganin allura tana sauka ko a wace hanya ce, Injiniya. Wataƙila sababbin motoci ne haka.

Malama_Rabi:
Duk wannan gyaran tuƙi ne, amma mota mai kujera biyar mutum ɗaya a ciki ita ce babbar asara. Mu malamai huɗu ne a unguwarmu muke koyarwa a gefe ɗaya, mota ɗaya muke shiga kowa ya kawo nasa kason na mai. Maman Hanif masu aiki a Zariya suna zaune a Kano suna da yawa, ma'aikatan jami'a da asibiti da sauransu, Alhaji ya nemi biyu ko uku amintattu su riƙa haɗawa. Cefane ma a haɗa shi fita ɗaya, ba a je kasuwa a dawo a tuna da magi a sake tada mota ba. Masallacin unguwa da shagon bakin layi kuma ƙafa ta isa.

Maman_Hanif:
Malama na karanta masa naki da na Direba, ya ce akwai abokin aikinsa a Na'ibawa da suke tafiya rana ɗaya kowa da motarsa, zai yi masa magana. Rasit kuma na duba Malam Sadiq, akwai wani layi da aka rubuta an cire kuɗi ban gane na mene ne ba, zai je ofishinsu ya tambaya.

Zee_Kaduna:
Masu zuwa Abuja daga nan kuma jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu yana nan, in ka lissafa man zuwa da dawowa kai kaɗai a mota tikiti ya fi sauƙi. Samun tikitin ne sai ka yi da wuri.

sani_gwale:
to CNG fa, gas din nan da ake sa wa mota maimakon fetur, da ake ta magana? ance yafi fetur arha sosai

Direban_Zariya:
Arha kam ya fi, abokan aikinmu da suka juya suna faɗa. Matsalar wurin sha, in gidajen da ke sayarwa ba su da yawa a hanyarka sai ka ɓata rabin yini a layi, kuma tukunyar tana cinye but. Wanda zai yi ya je cibiyar da aka amince da ita. Kar a yarda mai walda ya haɗa maka tukunya, kuma tukunyar gas ɗin girki ba ta CNG bace sam, ƙarfin matsin ba ɗaya bane, fashewa take.

Hajjo_Gombe:
Mun bar dutsen guga a baya. Maman Hanif ki tara guga ki yi ta sau ɗaya a sati, ɗaukar zafin farko shi ke cin wuta, in kowa zai goge riga ɗaya da safe kullum sabon ɗumamawa ake. Ki fara da masu kauri irin shadda, in kin kusa gamawa ki zare ki ƙarasa ɗankwali da hijabai da sauran zafin. Kayan makaranta in aka shanya su a miƙe aka ninke da kyau wasu ma basa buƙata.

danbirni_kn:
mu dutsen gawayi muka koma wlh, yafi kwantar da shadda ma

Dan_Maradi227:
Gawayin ma itace ne ɗan uwa, mu da ke bakin hamada mun san abin da sare itace ya yi muna. Ɗan na guga ba komi, amma na girki in da hali a samu murhu mai rufaffen gefe wanda iska bata kwashe wutar, ko a kare murhun duwatsu ukun da laka. Itacen da kaka sawa ya ragu da yawa, hayaƙi ma haka.

talaka_bawan_Allah:
Malam mai wayarin in mutum ya samu mitar, injin jan ruwa na rijiyar burtsatse shima yana cikin masu ci ne? gidan haya muke mu shida injin daya

MaiWayarin_Fagge:
Yana ciki, mai doki ɗaya wajen wat 750 ne zuwa sama, kusan yunit guda a awa. Amma abin da ke cinye kuɗin ba jan ruwan bane, mantuwa ce, tanki ya cika yana ta zuba ba wanda ya kula. Ku haɗa kuɗi ku sa masa fulot mai kashe injin da kansa in tanki ya cika, ku gyara famfunan da ke ɗiga. Sannan tun kafin a saka mitar ku zauna da mai gidan ku yanke a layin wa injin zai zauna da yadda za a raba kuɗinsa, in so samu ne a sa masa 'yar ƙaramar mitarsa daban.